Kayan haɗa cakulan na yara: akwai daɗi, amma ku tambayi inda aka niƙa ayar

Kwalin kayan haɗa cakulan ɗin nan da wata baiwar Allah ke tallatawa a Instagram nake magana a kai, wanda aka rubuta wa "babu gyaɗa, babu madara" da manyan baƙi. Duk uwar da ke da yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba ta san yadda irin wannan rubutu ke sanyaya zuciya. A Kano ina gyaɗa ba ta shiga? Tana cikin yajin tsire, tana cikin miyar taushe, ga ƙuli-ƙuli, ga kunu a kowane gida da azumi. Cakulan na kanti kuwa, da ka juya bayan ledar sai ka tarar da gargaɗin cewa ƙila da ɓurɓushin gyaɗa a ciki. Autana shekararsa 4, gyaɗa ba ta karɓe shi ba, kullum ido yake bin yayyensa da shi in an raba musu a wurin biki, shi ya sa na sayi kwalin.

Gaskiya kayan sun zo tsaf. Hodar koko zalla ba sukari, markaɗaɗɗen dabino, kwalbar man kwakwa, garin aya, sai mazubin roba mai laushi mai siffar kifi da tauraro. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ruwanka da wuta. Man kwakwa sai sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 yake daskarewa, a zafinmu kuwa ruwa yake zuwa, don haka ba wanda ya je kusa da risho. Na shimfiɗa wa yaran tabarma a tsakar gida, kowa da cokalinsa. Yayar autan ta auna mai cokali 3, koko cokali 3, shi kuma aka bar masa murza dabino da garin aya da hannu. Kafin a gama hancinsa da goshinsa duk sun yi baƙi, yana ta kiran babansu ya zo ya ga kifinsa. Rabin awa a firij suka kama jikinsu. Ɗacin kokon da zaƙin dabinon sun daidaita, ayar kuma ta ba shi gardi. Suna saurin narkewa a hannu, wannan kam dole a ci su daga firij, ban ɗauke shi aibi ba. A lokacin har na fara tura hoton ga 'yan uwa ina cewa su saya.

Bai cinye kifi na biyu ba ya fara sosa wuya. Na ɗaga rigarsa, borin jini ya feso masa a ƙirji da baya, leɓensa na ƙasa ya soma tashi. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Na ba shi Piriton ɗin da likitansa ya rubuta mana tun farko, babansu ya ɗauko mota muka nufi asibiti, don an sha gaya mana cewa in kumburi ya taɓa baki ba a zaman jira, yana iya sauka maƙogwaro ya toshe numfashi, a nan kuwa sai allurar adiranalin. Allah Ya taƙaita, bai kai can ba. Sun riƙe mu suna duba numfashinsa har dare ya raba, sannan suka sallame mu.

Yaron nan yana shan kunun aya da nake yi masa a gida, yana cin dabino, yana cin kwakwa, ba abin da suke yi masa. Aya ma ba dangin gyaɗa ba ce, saiwar ciyawa ce. Washegari na kira matar.

"Hajiya, don Allah a ina ake niƙa muku ayar nan?"

"Injin unguwarmu mana, Anti. Amma ai muna cewa ya goge kafin ya zuba."

Injin unguwa! Wanda masu ƙuli-ƙuli ke layi a kansa tun asuba da soyayyiyar gyaɗa, man yana maƙale a haƙoran injin, shi ne za a share da tsumma a ce babu gyaɗa? Na yi mata bayani cewa ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya kwantar da mai aleji, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe shi. Sai ta ce ita dai ba ta zuba gyaɗa da hannunta ba, kuma ba wanda ya taɓa kawo mata ƙorafi. Wannan amsar ta fi komai ƙona min rai. Ba ta tambayi jikin yaron ba sai da za mu ajiye waya.

Yanzu da na sake duba kwalin, wasu abubuwan ma sai suka dawo min. Babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, garin ayar a farar leda aka ƙulle shi ba ko rubutu. Kuɗin da ta caja kuwa, saboda wannan alkawarin na biya shi ba ciniki, in ba haka ba dabino da aya ai ga su nan a kasuwa.

Mazubin yana nan muna amfani da shi, yana da kyau, bai yage ba. Koko na sayo na gwangwani mai cikakken rubutu, aya kuma ni nake wankewa in shanya in niƙa a bilendata. Ga wanda yaransa ke cin komai, kwalin ba laifi, za su ji daɗinsa. Mai yaro irin nawa kuwa kada ya kusance shi. Na roƙe ta ko ta sayi nata injin ko ta cire "babu gyaɗa" daga tallan, ta ce za ta duba. Na leƙa shafinta ɗazu, rubutun yana nan yadda yake.