Na'urar kara ji ta kasuwa ga mai kunne daya, abinda na gani

Jama'a wannan sharhin na 'yan uwana ne masu ji da kunne daya, musamman wadanda ake ta turo wa tallan na'urar kara ji a Facebook da WhatsApp. Ni kunnena na hagu ya tafi tun sankarau din 1996 ina yaro, na dama ne kadai ke aiki Alhamdulillah. Kanina ne ya siyo min irin karamar nan ta Chana mai caji daga birni, wadda ake makalawa a bayan kunne, da robobin toshewa manya da kanana da dan wajen murdawa a kara murya. Allah ya saka masa da alheri.

Na fara sa ta a hagu tunda shi ne mara lafiyar, na murda har karshe, wallahi ba abinda na ji sai dan girgiza, na kusa da ni ne ma ke jin tana fito. Da na maida ita dama kuwa sai komai ya taso min lokaci guda, kukan awaki, injin nika, babur, hatta iska in ta bugi makirfon din. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari ban iya jurewa ba na cire, kaina har sarawa yake, ga maganar dillalin da nake son ji ta nutse cikin hayaniya. Kuma abin tsoro ne ka rika dura kara haka a kunne dayan da ya rage maka.

Abinda masu tallan nan ba su gane ba, mu matsalarmu ba karancin murya ba ce. A daki shiru ina jin kowa rangadau. Matsalar ita ce ban san ta ina sauti ke zuwa ba, a kira ni a gona in yi ta juyawa ina neman mai kiran, mota ta yi hon ina kan babur ban san ta wane bangare take ba sai na duba madubi. Mutum ya yi min sallama ta hagu in wuce, ya tafi yana cewa wane girman kai ne da shi, wannan ya fi komai yi min ciwo. Na'urar nan ba ta taba ko daya daga cikin wadannan ba.

Daga baya na je awon ji a asibitin Malam Aminu Kano, bangaren kunne da hanci da makogwaro. Ana sa ka a dan daki rufaffe da abin ji a kai, in ka ji sauti ka nuna, har shuuu suke sakawa a kunne mai lafiyar don kar ya taya dayan. Likita ya ce can ciki ne sankarau ya lalata, don haka duk yadda aka kara murya ba za ta shiga ba. Ya ce wadda aka yi domin irinmu sunanta CROS, guda biyu ce, ta kunnen da ya mutu tana dauko magana ta tura wa mai jin. Ita ma ba ta dawo da sanin inda sauti ya fito, kuma kudinta ba na karamin manomi ba ne.

A fadi gaskiya cajinta na dadewa, cajar waya ma tana yi mata a shagon sola, amma zufa da kurar hunturu na saurin toshe robar. Kila ta yi wa dattijon da kunnuwansa biyu suka yi rauni, shi ma a fara kai shi awo, wani dattin kunne ne kawai ya toshe shi.

Abinda ya fi ta amfani a wajena kyauta ne. A saitin wayar Android akwai Mono audio, ka kunna shi sautin hagu da na dama zai hadu, ka ji shi duka ko da kunne daya, in kana jin karatu ko labarai da iyafis. A majalisa ina zama karshen tabarma jama'a na damana, kuma na fada wa mutanen unguwa karara su rika zuwa min ta dama ko su dafa ni. Da daddare in na kwanta kan kunnen dama ko kiran assalatu ba na ji, sai mai dakina ta tashe ni, don haka na koyi kwana kan hagu.