Wata huɗu da lasifikar Cannabis Rex a cikin amfilifayar gitata

Amfilifayata, wato na'urar da ke ƙara wa gitata murya, ƙarama ce, irin mai bawul (ƙwayayen gilashi masu ƙara ƙarfin sauti), wat 15, da lasifika guda mai inci 12 a cikin akwati mai buɗaɗɗen baya. Shekara uku muna tare, kuma duk shekara ukun abu ɗaya ke ci min tuwo a ƙwarya: da na ɗan ƙara murya sai wani tsini ya fito a saman sautin, kamar ana jan ƙusa a kan kwanon rufi. In na rage tirebul, wato siririn ɓangaren sauti na sama, don in kashe shi, sai gitar ta koma kamar an lulluɓe ta da bargo. Na canza wayoyin gita, na canza bawul, na sayi feda, ƙaramar na'urar da ake takawa don sauya sautin gita, har biyu. Ashe duk na bar jaki ne ina dukan taiki.

Wani dattijo mai gyaran kayan sauti ne ya buɗe min ido. Na kai masa ita da nufin ya duba cikinta. Bai ko ɗauki sukudireba ba. Ya zare wayar lasifikar, ya jona amfilifayar da wani tsohon akwatin lasifika da ke gefensa, ya miƙo min gita ya ce in kaɗa. Na kaɗa, na tsaya ina kallonsa.

"Baba, me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, ɗana. Injinka lafiyarsa lau. Bakin da yake magana da shi ne bai yi maka ba."

Daga nan na fara neman sabuwar lasifika. Abin da da yawa ba mu lura da shi ba shi ne lasifikar gita ba irin ta sauraron waƙa ba ce. Ba a ƙera ta don ta fitar da sauti yadda ya shigo ba. Tana fara yanke sama tun wajen hats 5,000 (hats shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma kowace iri tana da wurin da take turowa gaba da wurin da take dannewa. Duk abin da feda da bawul suka yi, sai ya bi ta takardar lasifikar, wato faifan da ke girgiza ya fitar da sauti, kafin ya iso kunne.

Uku na saurara kafin in yanke shawara. Celestion Vintage 30, wadda ta fito a 1986, sunanta na ruɗar mutane, don wat 60 take ɗauka ba 30 ba. Tana turo tsakiyar sauti gaba sosai, shi ya sa masu kiɗa mai nauyi ke sonta, ko ganguna sun cika wuri sai an ji gita. Amma ni da nake gudun tsini, ba ita nake nema ba. Greenback mai wat 25, ita ma ta Celestion, ta fi kwanta min: tana da ɗumi, kuma tana fara gurnani da wuri. Na kusa ɗaukarta. Abin da ya tsayar da ni shi ne yawancin kiɗana tsaftataccen sauti ne, ina son ya daɗe bai dagule ba. Ta ukun ita ce Cannabis Rex ta kamfanin Eminence, wanda aka kafa a 1966 a jihar Kentaki ta Amurka. Wat 50, maganaɗisun siramik, kuma an yi takardarta da zaren tsiron wiwi, daga nan sunan ya samo asali. Mai kaɗa mana bes har yau yana tsokanata wai gitata ta fara shaye-shaye. Ita na saya, mai om 8, om kuwa shi ne ma'aunin nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya.

Maganar om ɗin nan ba ta wasa ba ce. Abin da aka rubuta a bayan amfilifaya shi za ka nema, musamman mai bawul, don taransifomar da ke fitar da sauti an naɗe ta ne don wani nauyi takamaimai. Kuma kada ka kuskura ka kunna mai bawul babu lasifika a jone, taransifomar na iya ƙonewa. Da na ɗora mita a kan sabuwar sai na ga lamba ƙasa da 8, tsakanin 6 da 7, gabana ya faɗi na zaci an ba ni wata daban. Haka abin yake, mita na auna juriyar wayar ne kawai, kullum tana nuna ƙasa da lambar da ke jiki. Wat kuwa gara na lasifika ya ɗara na amfilifaya. 50 a kan 15 akwai sarari isasshe.

Ɗaurawar ba ta kai min awa ɗaya ba. Na cire wayar wuta daga bango, na bar bawul suka huce, na kifa akwatin a kan tawul. Ban buɗe ɓangaren injin ba kwata-kwata, don kafasitocin ciki, wato ma'ajiyoyin lantarki, na riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe. Na ɗauki hoton wayoyin biyu da wayata don kada in juya su, na zare su, na kwance noti huɗu. A nan na yi wautar da na kusa yin kuka. Ina ɗaure noti na biyu, hannuna da gumi, maganaɗisun ya fizgi sukudirebar da na ajiye a gefe, ta manne da ƙara "ƙas", bakinta bai fi faɗin yatsa ɗaya daga takardar ba. Da ta huda, shi ke nan. Tun daga ranar duk wani ƙarfen da ba na aiki da shi nesa nake ajiye shi. Notin kuma a gicciye ake ɗaure su, na sama na dama sannan na ƙasa na hagu, kaɗan-kaɗan, ba a matsewa da ƙarfi, don ƙarfen da ke riƙe da takardar na iya lanƙwasa har kwayil, naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar, ya riƙa gogar jiki. Sai kuma a duba ko maganaɗisun bai taɓa bawul ko taransifoma ba, ƙananan akwatuna wurin ya matse.

Daren farko, gaskiya, jikina ya yi sanyi. Tsinin ya tafi, amma sautin ya sandare, ƙasan ba ya motsi, kamar sabon takalmin da bai saba da ƙafa ba. Na kira dattijon nan, ya yi dariya ya ce in ba ta lokaci. Sabuwar lasifika gefenta da abin da ke riƙe kwayil ɗinta duk a tauri suke, sai an yi ta kaɗawa suke saki. Na riƙa kaɗa ta da ɗan ƙarfi kullum, ina yawaita wayoyin ƙasa. Wajen mako na uku na fara jin bambanci, kuma ba zan rantse cewa duk daga lasifikar ba ne, kunnena ma ya saba.

Yanzu dai, bayan wata huɗu, ga abin da nake ji. Saman sautin ya yi laushi ba tare da ya dusashe ba. Makunnin tirebul da ya shekara uku a kan 3, yau yana kan 6, kuma ina iya amfani da fikof (abin da ke ɗaukar sautin wayoyin gita) na kusa da gada, inda wayoyin ke ɗaure a jikin gitar, wanda da na yafe shi gaba ɗaya. Idan na ja waya ta farko a can ƙasan wuya, muryar na fita zagayayya, tana da zaƙi, ba ta soka kunne. Ƙasan ya yi kauri. Babbar wayar gita a sake tana wajen hats 82, da can sai ta riƙa rawa kamar za ta tarwatse in na daka ta, yanzu tana tsayawa daram. Fedar da nake dagula sauti da ita, wadda na sa a raina zan sayar, ta koma abin so, ƙaiƙayin da take yi a sama ya kwanta. Ko ɗan wasan yatsa, in taɓa a hankali ko in daka, ya fi fitowa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙarar. Ƙarfin jinta ya kusa desibel 102 (ma'aunin ƙara) a wat ɗaya, alhali Greenback 98 ce, Vintage 30 kuma 100. A takarda kamar ba komai, amma ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka wat ɗin amfilifaya. A wurin atisaye da 'yan ƙungiya wannan alheri ne, wat 15 ɗina yanzu na tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mai ganga ba tare da na ƙure makunni ba. A ɗaki kuwa sai a hankali. Wurin da bawul ke fara ɗumama sauti yanzu ya fi ƙarfin ɗaki, dole in koma ga feda in ina son gurnani da dare. Wanda a gida kawai yake kiɗa, gara ya nemi lasifika mai ƙarancin desibel.

Haka nan ba kowace amfilifaya za ta yi wa daɗi ba. In taka da ma mai duhun murya ce, ko fikof ɗinka masu kauri ne, wannan za ta ƙara mata duhu. Na jona ta da amfilifayar wani abokina mai kiɗa mai nauyi, minti biyar bai yi ba ya ce a mayar masa da Vintage 30 ɗinsa, kuma yana da gaskiya, cizon da yake so ba ya nan. Ni matsalata tsini ce, ita kuma maganin tsini ce, shi ya sa muka dace.

Tsohuwar lasifikar tana cikin kwalin sabuwar, na kifa ta na rubuta om 8 a jiki, ko wata rana zan sayar da amfilifayar in mayar mata da kayanta. Feda ta biyun da na saya don kashe tsini kuwa, makon jiya na cire ta daga layi na ba ƙanina.