Spinsolve 80: Ƙaramin Injin NMR da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Kamfanin Magritek, wanda marigayi Paul Callaghan da abokan aikinsa suka kafa a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan a shekarar 2004, shi ne ke ƙera wannan inji da ake ajiyewa a kan teburin ɗakin gwaji. Aikinsa irin na manyan injunan NMR ne: a sa samfur cikin maganaɗisu, a aika masa da igiyar rediyo, sannan a karanta amsar da atam ɗin haidurojin ko na kabon suka bayar, domin a gane yadda sinadarin yake a haɗe.

Babbar falalarsa ita ce maganaɗisunsa na dindindin ne, ba ya buƙatar ruwan hiliyom. Manyan injuna ba sa aiki sai an yi amfani da ruwan hiliyom an riƙe maganaɗisunsu a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, kuma duk wanda ya san tsadar hiliyom da wuyar samunsa a jami'o'inmu ya san abin da ya sa masu binciken tsirran magani ke tura samfurinsu ƙasashen waje su zauna jira. Spinsolve 80 yana karɓar bututun milimita 5 da aka saba zuba samfur a ciki, kuma ɗalibi na iya ganin sakamakon haidurojin cikin 'yan mintoci.

Sai dai wanda burinsa ya bi sawun Kurt Wüthrich, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002 saboda gano siffar furotin a cikin ruwa ta hanyar NMR, kada ya sa rai da wannan injin. Ƙarfin injin megahaz 80 ne a ma'aunin igiyar rediyo, wato ƙasa da tesla 2 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, alhali aikin furotin yakan so megahaz 600 zuwa sama. Babban injin da aka girka a Florence ta Italiya a 2020 ma ya kai 1,200. A ƙaramin ƙarfi layukan sakamako hawa kan juna suke yi, kuma furotin mai ɗaruruwan atam na haidurojin sai ya fito a cakuɗe, ba ya karantuwa.

A ganina ya cancanci kuɗinsa wajen koyarwa, da bin diddigin haɗa sinadarai, da tantance ƙananan ƙwayoyin sinadarai kafin a kai su babban inji. Amma a tanadar masa wuta marar yankewa, domin idan zafin maganaɗisun ya sauya, sai an jira ya daidaita kafin a amince da abin da ya auna.