Wata uku da na'urar daidaita eriya ta hannu, MFJ-949E

Ni mai sha'awar hira ta rediyon aika saƙo ne. Eriyata irin wadda ake kira G5RV ce, waya mai tsawon ƙafa 102, na ɗaura ta tsakanin darbejiya da ƙarfen tankin ruwa. A zangon rediyo na mita 20 tana aiki da kyau, don dama can domin wannan zangon Louis Varney, wani ɗan Ingila mai sha'awar rediyo, ya tsara ta a 1946. Amma da na sauka mita 40 sai rediyona, Icom IC-718, ya rage ƙarfi don kare kansa, saboda wutar da ke dawowa daga eriya ta yi yawa. Ba shi da tuna, wato na'urar daidaita eriya, a cikinsa, dole sai an haɗa masa ta waje.

Yayana da ke Ingila ne ya samo min wannan tunar a kasuwar masu sha'awar rediyo, wajen wani dattijo da ya ajiye harkar. Sabuwa ma yanzu ba ta samuwa cikin sauƙi, tunda kamfanin MFJ ya daina ƙera kaya a masana'antarsa ta Mississippi a 2024.

Da ta iso ban jona ta ba sai da na kwance murfin. Ƙura ta yi kauri a kan makunnin koyil (naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta), sannan a gefen farantin kafasita (jerin farantan ƙarfe da ake juyawa wajen saiti) ɗaya akwai ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar gero, alamar mai ita ya taɓa tura mata wutar da ta fi ƙarfinta. Gabana ya faɗi. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, ya ɗaga ta ga hasken taga, ya juya farantan a hankali yana saurare. "Ba sa gogar juna, yaro. Wanke ta kawai." Buroshi da man fesawa suka gama aikin.

Abin da ya fi burge ni shi ne lodin gwaji mai om 50 da ke cikinta, wanda ke shanye wutar a madadin eriya. Kafin ka fita iska, sai ka tabbatar mitarta ta awo tana faɗin gaskiya ba tare da ka dami kowa ba. Mitar allura biyu ce, inda suka gitta nan kake karanta SWR, ma'aunin wutar da ke dawowa daga eriya. A 7.1 megahaz, cikin zangon mita 40, na sauko da shi daga kusan 5 zuwa 1.2 cikin 'yan mintuna, da wat 10 kacal, sannan na ɗaga zuwa 100. A daren nan wani ɗan Italiya ya amsa kirana, ya maimaita lambar kirana mai farawa da 5N, alamar Najeriya, ba tare da ya nemi in sake ba. Na daɗe a zaune bayan mun yi sallama.

Sai dai kada allura ta yaudare ka. Tuna ba ta gyara eriya, rediyo kawai take kwantar wa da hankali. A mita 80 nakan sami SWR 1.5, amma in na taɓa murfin bayan doguwar hira sai in ji ɗumi, wato wani kaso na wutar a koyil yake ƙarewa, bai kai sararin sama ba. Abin da ke rage wannan asarar shi ne ƙara ƙarfin kafasita sosai da rage koyil iya yadda za ta yiwu. Kuma kada ka kuskura ka juya makunnin koyil kana cikin aikawa, bakinsa yana iya ƙonewa.

Na rubuta saitin kowane zango a ɗan kwali na manna a samanta. Da hunturu ya kama, na ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙura.