Guitar Pro 8: in kana kai kod daga jita zuwa ukulele, ko kana yawan sauya saiti

Jama'a masu kiɗan jita na Kaduna, musamman ku da iyaye suka fara kawo muku yara riƙe da ukulele, 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, suna cewa a koya musu, ga abin da na gani game da Guitar Pro 8, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta. Wani kamfanin Faransa ne mai suna Arobas Music yake yin ta, wannan ta takwas ɗin ta fito a 2022, tana hawa Windows da Mac, kuma sau ɗaya ake biya ba wata-wata ba. Abubuwan da take yi suna da yawa, ana rubuta tab, wato rubutun kiɗa da lambobi da ke nuna inda yatsa zai danna, ana sa ganga da bes, amma ni abu ɗaya ya kai ni, wato yadda zan ɗauki waƙar da na riga na rubuta wa jita in mayar wa wani kayan kiɗan ba tare da na zauna da biro ina ƙirga firet, 'yan ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, har dare ba.

Toh matsalar dai kowa ya san ta. Kamun yatsu daban, muryar da ke fita daban. Jita saitinta E A D G B E, ukulele kuma G C E A, tsirkiya huɗu. Ka ɗauki kamun kod ɗin D na jita (kod ita ce muryoyin da ake kaɗawa tare), wannan 0232 ɗin da kowa ya fara da shi (kowace lamba firet ɗin da za a danna ne a tsirkiya ɗaya, 0 kuwa a bar ta a sake), ka ɗora a ukulele yadda yake, yatsunka ba su canza komai ba amma G ce za ta fito. Kamun G ya koma C, kamun C ya koma F, Am ya koma Dm, Em ya koma Am. Dalili kuwa ukulele tamkar tsirkiyoyi huɗun ƙasa na jita ne an ɗaura musu kapo, maƙalen nan da ke danne tsirkiyoyi gaba ɗaya, a firet na 5, sai dai ta huɗun an ja ta sama ta zama siririya. Shi ya sa za ka ga yaro ya kalli hannun malaminsa ya kwaikwaya daidai wa daida amma kiɗan na karo da juna, yaron kuma ya rantse shi bai yi kuskure ba, kuma gaskiyarsa ne.

Inda manhajar nan ta burge ni shi ne ta san wannan bambancin kuma sai ta tambaye ka. In ka shiga wurin canza saitin tsirkiya ka zaɓi wani saiti, ba za ta yanke maka hukunci ba, zaɓi biyu za ta ajiye maka: ko ta bar lambobin firet inda suke murya ta canza, ko ta riƙe muryar ta sake lissafa inda yatsu za su sauka. Wallahi wannan tambayar kaɗai ita ce rabin aikin. In mawaƙiya ta zo sutudiyo ta ce waƙar ta yi mata sama, kowa ya sassauta tsirkiya rabin mataki zuwa E flat, to na farkon kake so, hannu na nan yadda yake, komai ya sauko tare. In kuma tsirkiya ta shida kawai ka sauke zuwa D, abin da ake kira Drop D, to na biyun kake so, don in ka bar Em a 022000 ƙasanta ya zama D kenan, kod ɗin ta sauya ɗanɗano, dole ta koma 222000, G kuma yatsan da ke firet na 3 ya matsa zuwa na 5. Kana dannawa za ka ga lambobin sun gyaru daga farkon waƙa har ƙarshe, sannan ka kunna ka ji da kunnenka kafin ka taɓa jitar ma.

Akwai kuma tagar kod, wadda ni na fi zama a cikinta. Tana bin saitin kayan kiɗan da kake kai, in kana layin ukulele ka zaɓi F za ta jero maka kamu iri-iri a kan tsirkiya huɗu, in kuma kai ne ka ɗiga yatsu a zanen za ta faɗa maka sunayen da kod ɗin za ta iya amsawa. A nan ne na nuna wa wani ɗalibina a Barnawa, ɗan aji biyu na sakandare, abin da ya sa E ke ba shi wuya a ukulele. Na zana masa 4442, ya gwada, yatsu uku a matse a firet ɗaya kan ɗan siririn wuya, manuni kuma na can baya, ya yi ta cije leɓe tsirkiya ta biyu tana ƙin fita. Na ce masa ai kamun B na jita ne, wanda manya ma ke gudu. Muka ɗaga waƙar rabin mataki zuwa F, 2010, yatsa biyu kacal, nan take ya kama har yana waƙa a kai. Ɗaga kii ɗin ma cikin manhajar aka yi, dannawa kaɗan ne.

Amma fa kar wani ya ɗauka ta san hannunsa. Lissafi take yi, kuma duk wata manhaja irin wannan haka take. Ɗauki Open G, wato D G D G B D, saitin da ya yi kusa da na banjo mai tsirkiya biyar. In ka ce a riƙe maka muryar C ta jita, x32010 (x ita ce tsirkiyar da ba a kaɗawa), ɗaya bayan ɗaya, abin da lissafi zai bayar shi ne x52012, ƙaramin yatsa a firet na 5 manuni a na 1, sai ka ce mai auna yadi da taƙi a Kasuwar Barci. Alhali duk wanda ya taɓa kiɗa Open G ya san yatsa ɗaya zai shimfiɗa a firet na 5 ya sami C, ya matsa na 7 ya sami D, ya saki gaba ɗaya ya sami G, dama don wannan sauƙin aka ƙirƙiro saitin. Saboda haka bayan ta gama nata sai ka bi layi-layi da jita a cinya kana gyarawa, a waƙa mai kod huɗu ba komai ba ne, amma mai yawan tsinke-tsinke za ka ɗan zauna.

Haka in za ka kwashe daga jita zuwa ukulele. Murya mafi kauri a ukulele mai siririyar G ita ce C ta tsakiyar fiyano, jita kuwa tana sauka ƙasa da haka sosai, don haka duk abin da ka kaɗa a manyan tsirkiyoyi biyu ba shi da mazauni, ko ka ɗaga shi sama ko ka bar wa mai bes. Babu manhajar da za ta ƙara wa itace tsirkiya. Baritone ukulele, wato babbar ukulele, dai babu wahala, D G B E ne, kamu ɗaya suna ɗaya da jita. Mandolin kuma G D A E, wato manyan tsirkiyoyin jita huɗu a juye, G ta jita 3200 ta zama 0023, ban cika ganin mai shi a garin nan ba amma abin ya ba ni sha'awa.

Wani abokina mai garaya a Tudun Wada ya tambaye ni ko za ta yi masa, na ce ya bar kuɗinsa. Garaya da gurmi da molo ba su da firet, kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi ma tsirkiya ɗaya ce, makaɗi da kunne yake ɗaure kayansa daidai muryarsa ta ranar, yana jan yatsa tsakanin muryoyin da fiyano ba ta da su. Tab kuwa lambar firet take nema. Za ka iya kwatanta karin a jita don ka tuna, iyakarta kenan.

Maganar kuɗi, da dala ne, kuma kun san yadda canji yake, ga rigimar katin da zai yarda ya biya waje. Suna ba da 'yan kwanakin gwaji kyauta, ku fara da shi. Kar kuma ku je wajen masu zuba manhaja a filasha su sa muku ta sata, laftof ɗin wani yaronmu haka ya cika da ƙwayar cuta har sai da aka wanke shi tas. In babu hali akwai TuxGuitar, kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Guitar Pro da yawa, akwai MuseScore ita ma kyauta, tana barin ka rubuta saitin kowace tsirkiya da kanka, sai dai ta fi karkata wajen masu karanta nota irin 'yan kwaya.

Ni hukuncina, in kana koyarwa ko kana shirya wa ƙungiya kiɗa, mai jita da mai bes da mai ukulele kowa na jiran takardarsa kafin Lahadi ko kafin biki, ta ci kuɗinta, ka rubuta sau ɗaya ka fitar wa kowa nasa a PDF ka tura ta WhatsApp. In kuwa kod biyar ko shida ne duk harkarka, ka haddace maganar firet biyar ɗin nan kawai, kuɗin ka sayi tsirkiya da na'urar saita tsirkiya mai kyau, don hunturu na shigowa itace zai bushe saiti ya riƙa zamewa kullum.