Babbar DSLR ko ƙaramar kamara mai jure ruwa: wacce ta dace da Damagaram?

Duk wanda ya ji an ce mutumin Damagaram ya sayi kamarar da ake nutso da ita, dariya ce za ta fara zo masa, domin garin da aka sani da jiran ƴan ga-ruwa da jerin jarkoki a bakin famfo ba wurin zancen nutso ba ne. Ni ma haka na ɗauka a da, shi ya sa ranar da kuɗina suka cika ban ko waiwayi ƙananan nan ba, na nufi babbar DSLR, wato kamarar ƙwararru mai madubi a ciki, mai nauyi wadda idan ka rataya ta a wuya ƴan doka ke buɗe maka hanya. Sai daga baya na gane cewa robar da ke hana ruwa shiga cikin kamara ita ce kuma ke hana ƙura, mu kuwa a nan ƙura ce ruwanmu, tun daga shigowar hunturu har zuwa guguwar da ke share wa damina fage.

Sai dai a ba DSLR haƙƙinta, don ba a banza masu sana'a suka riƙe ta ba. Asirinta yana ga sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. A irin su Nikon D7500 faɗinsa ya kai kusan milimita 23.5 da 15.7, a ƙananan masu jure ruwa kuwa bai wuce milimita 6 da ɗoriya da 4.5 ba, ka ga na farkon ya ninka na biyun wajen sau 13 ke nan. Wannan bambanci ba ya fitowa sosai da rana tsaka a bakin Kasuwar Dole, amma da zarar an yi magariba, ko aka shiga ɗakin amarya mai ƙwan fitila ɗaya, babbar za ta fito da fuska sumul da zanen lalle daki-daki, ƙaramar kuma ta kawo hoto mai tsakuwa-tsakuwa. Ga batiri mai dogon rai: D7500 tana ɗaukar hoto kusan 950 kafin ta nemi caji, Canon EOS 90D ta haura 1,000, abin da ba a raina shi ba a lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Ga kuma damar sauya lens, gilashin nan da ake ɗaurawa a gaba, ta yadda za ka tsaya nesa a filin kokawa ka jawo fuskar ɗan kokawa har gumin goshinsa. Wanda abincinsa ke fitowa daga hoton biki da suna, ko yake da shagon hoto, ba shi da wani zaɓi sai ita, kuma Nikon D7200 ko Canon 80D ta hannu mai lafiya ta ishe shi; D7200 ma tana da gurbin kati biyu, wanda bayan abin da ya same ni nake ganin ya fi kowace irin ƙawa daraja.

Amma wannan damar sauya lens ɗin ita ce ƙofar da ɓarna ke shigowa. Ranar wani hawan Sallah ina tsaye a gefen filin ƙofar fada, dawaki sun fara sukuwa, sai na ga dogon lens ya yi mini yawa domin mahayan sun matso kusa. Na juya baya, na ja babbar rigata na rufe, na kwance wannan na ɗaura wancan, abin da bai fi ƙiftawa da bisimilla ba. Da na koma gida na buɗe hotunan a kwamfuta, kowane ɗaya yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sararin samaniya, a wuri guda ba sa motsi, kamar kashin ƙuda a jikin madubi. Bayan mako biyu kuma zoben jawo nesa ya fara ƙara idan na murɗa shi, irin ƙarar tsakuwa a cikin tuwo. Abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, lens mai fita da komawa yana aiki ne tamkar zugazugin maƙeri, duk murɗawa ɗaya yana shaƙar iska ya fesa ta ciki, iskar hunturu kuwa kowa ya san abin da take ɗauke da shi. Na aika da kamarar Kano wurin wani mai gyara da aka yaba mini, ta yi wata biyu a can, ta dawo ɗigon sun tafi amma da siririn karce a gefen sensa wanda har yau yana nan. Kamfanonin suna cewa manyan DSLR an toshe musu kafofi saboda ƙura da yayyafi, kuma gaskiya ne, sai dai toshiyar ba ta da amfani a daidai lokacin da ka buɗe bakin da hannunka, kuma yawancin lens masu arha da ake haɗowa da su ba su da ita.

Wannan ne ya kai ni ga Olympus Tough TG-6, wadda ta fito a 2019, kuma ba zan ɓoye ba, ita ce ƴar gaban goshina. A rubuce tana jure ruwa har zurfin mita 15, tana jure faɗuwa daga tsayin mita 2.1, tana jure dannin nauyin kilo 100, nauyinta kuma giram 253 ne kacal har da batiri da kati, alhali jikin D7500 da batiri da kati, ba tare da lens ba, ya kai giram 720. Abin da ya fi burge ni ba ya cikin waɗannan lambobi: lens ɗinta ba ya leƙowa waje ko kaɗan, duk motsinsa a ciki yake yi bayan gilashi a rufe, saboda haka babu zugazugi, babu kafar da ƙura za ta bi. Na yi tafiyar Tanut da ita a aljihun gaba a bayan buɗaɗɗiyar mota, na sauka gira da gemu sun yi fari fat, ita ma ta yi buɗu-buɗu. Na zuba ruwa a kwano na tsoma ta, na girgiza, na goge da gefen rawani, shi ke nan aiki ya ƙare. A watan Agusta ruwa ya tsare ni a kan kabu-kabu tsakanin Zango da Birni, salular da ke aljihuna ta yi kwana uku a cikin shinkafa, kamarar kuwa da ita na ɗauki yaran da ke tsalle a cikin ruwan da ya malale titi.

Tana da wata baiwa da ban san ina bukata ba sai da na same ta, wato ɗaukar abu daga tazarar santimita ɗaya. Wani ƙanena da ke zagaya gonaki wajen Mirya ya are ta mako guda, ya dawo da hoton tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, har gashin jikinta ana gani, ya ce mini: "Yaya, malamin gona bai ko tambaye ni bayani ba, kallo ɗaya ya yi ya faɗi maganin." Dukawan garin nan masu son tallata jakunkuna da takalma a WhatsApp su ma za su ga amfaninta, domin tana fito da ɗinki da rinin fata yadda mai saye a nesa zai gamsu. Tana da GPS da ke rubuta inda aka ɗauki hoto, tana ɗaukar bidiyo 4K, tana kuma ajiye hoto ɗanye da ake kira RAW ga mai son gyara a kwamfuta. Bakin lens ɗinta yana buɗewa har f/2.0, wanda ya sa ta fi sa'o'inta gani a inuwa. TG-7 da ta gaje ta a 2023 da sunan OM System kusan abu ɗaya ce, illa dai an sa mata bakin caji na USB-C irin na salular zamani, abin da zai sauƙaƙa wa mai yawan tafiya ƙauye.

Aibinta ma a fili yake. Megafiksel 12 gare ta, jawo nesanta sau huɗu ne kawai, batirinta ba ya wuce hoto 340 ko kusa da haka, da dare kuma salula mai tsada tana iya kunyata ta. Tsuntsayen tafkin Gidimuni sai dai ka ɗauke su kamar ɗigon tawada. Ni dai na yarda da wannan ciniki, domin babbar tawa tana kwana cikin jaka a ƙarƙashin gado rabin shekara saboda tsoron ƙura, ƙaramar kuwa kullum tana tare da ni. Sauran ƴan uwanta ba sai an daɗe a kansu ba: Ricoh WG-6 ta fi ta zurfi da mita biyar amma idonta ya fi duhu kuma ba ta da RAW, Nikon W300 mai mita 30 ta masu teku ce, Fujifilm XP140 ta wasan yara ce a bakin tafki, GoPro kuma tana lanƙwasa fuskar mutum kamar an kalle shi a bayan cokali.

Ko wacce ka zaɓa, inda ake yanka mutum wajen saye ne, musamman da yake yawancin abin da ke iso mana na hannu ne. Nikon ba ta sake fitar da sabuwar DSLR ba tun 2020, manyan kamfanonin sun karkata ga marasa madubi, don haka tsofaffin suna ta kwararowa daga Turai da Dubai ta Kwatano da Kano, an goge su sun yi ƙyalli. Labulen da ke buɗewa ya rufe a duk ɗaukar hoto yana da iyakar kwana: an ƙiyasta wa D7500 bugu 150,000, 80D kuma 100,000. A Nikon adadin yana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, sai ka ɗauki ɗaya ka duba a intanet. A Canon sai an jona ta da kwamfuta. Mai kaya da ya ce "sabuwa ce, Alhaji, wata baturiya ce ta yi amfani da ita sau biyu" amma ya hana ka duba wannan lamba, ka bar masa kayansa. Ka kwance lens ka haska shi da tocilan salula ta baya; idan ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce da ya kwaso a garuruwan bakin teku masu danshi, kuma tana cin gilashi. Ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da bakin lens a tsuke, wajen f/16, ka buɗe shi da girma, duk datti da karcen sensa za su bayyana. Batirin Canon LP-E6N da Nikon EN-EL15 na jabu sun cika kasuwa, sun fi na asali rashin nauyi a hannu, zafin Afrilu da Mayu kuma yana kumbura su har su maƙale a ciki. Yawancin kamarorin nan an ƙera su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa muna haura haka a inuwa, to balle a cikin mota a rufe.

Katin memori shi ne ya fi ƙona mini rai. Ana gobe bikin ƴar gwaggona na sayi kati a hannun wani mai tebur, an rubuta SanDisk 64GB, kwalinsa a liƙe, farashinsa ƙasa da rabin na shago, na ga kamar na yi tsintuwa. Na ɗauki wunin lalle, na ɗauki ɗaurin aure da kai amarya, kamara tana ƙirgawa ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya. Da na zo juyewa, hotunan lalle ne kaɗai suka buɗe, sauran duk sunayensu na nan amma ciki wayam. Ashe katin na 8GB ne aka yi masa dabara yana faɗin 64, duk abin da ya haura iyakarsa ta gaskiya iska yake bi. Gwaggo ta aiko sau uku, a na huɗu ta zo da kanta ta zauna a kan tabarma ta ce: "Ɗan nan, ashe kai ma sai an bi ka kamar mai bashi?" Ban iya ɗaga kai ba, sai da na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina roƙon abin da suka ɗauka da salula. Tun daga ranar ba na saka sabon kati a kamara sai na gwada shi da H2testw, ƴar manhaja ce ta kyauta a Windows da ke cika katin maƙil sannan ta karanta ta faɗi girmansa na gaskiya. Tana cin lokaci, don haka a yi gwajin kwanaki kafin biki, ba daren jajibiri ba.

A ɓangaren masu jure ruwa kuma yaudarar iri biyu ce. Akwai ƴan kamarorin roba marasa sunan kamfani da ake rubuta wa 4K da megafiksel 48 a kwali, waɗanda hotonsu bai kai na salular jikka ashirin ba, waɗannan ko kyauta aka ba ka nauyi ne. Sannan akwai TG ta asali amma ta hannu wadda robar ƙofofinta ta mutu. Ƙofofin biyu ne, ta batiri da ta wurin caji, kowacce da makulli biyu da zoben roba a kewaye. Zafi yana busar da robar ta tsage, ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi a kanta ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, shi ya sa kamfanin ke ba da shawarar a sauya ta duk shekara, abin da a nan ba ka da inda za ka yi shi cikin sauƙi. Ka buɗe ƙofofin a wuri mai haske, ka shafa robar da yatsa ka ji ko tana da laushi, ka duba ko akwai farin gishiri ko tsatsa a bakin ƙarafunan batiri, ka leƙa gilashin gaba ko akwai raɓa daga ciki. Bayan haka ka nemi a kawo bokitin ruwa tun kuɗinka na aljihu, a rufe ta da kyau a tsoma ta minti goma a gaban mai ita, a ɗauki hoto a ciki. Da na je saya wa ƙanen nan nawa tasa, mutum na farko da na ambata wa bokiti sai ya mayar da ita cikin kwali ya ce ai tuni wani ya biya kuɗinta. Na biyun shi da kansa ya aika yaro ya ɗebo ruwan, kuma a hannunsa muka saya.