Akwatin Sauraron Littafi Mai Tsarki da Hausa, Bayan Wata Bakwai a Hannuna

A watan Nuwamban bara na shiga wani ƙaramin shagon littattafan Kirista a Sabon Garin Zariya, domin ƙanwata ta aike ni in sayo wa ɗanta littafin waƙoƙi. A lokacin na shekara shida ban taka ƙofar majami'a ba. Aiki ne ya fara cinye mini ranar Lahadi, abokan hira da giya suka cinye sauran kwanakin, daga baya kuma kunya ta tare hanyar komawa. Dattijuwar da ke tsaron shagon ta ga ina jujjuya wani ɗan akwati mai kama da rediyo, sai ta ce, "Ɗana, wannan shi zai karanta maka, kai dai ka ba shi kunne." Na ce, "To, Mama, ƙunsa mini." A kan wannan akwati nake so in yi bayani.

Girmansa bai wuce tafin hannu ba, jikinsa na roba ne, a bayansa kuma akwai faifan da ke karɓar hasken rana, ko da yake ana iya yi masa caji da wayar caji irin ta salula. Littattafan nan 66 duka suna ciki, daga Farawa har Wahayin Yahaya, kuma ba ya bukatar intanet ko katin waya. Idan ya wuni a bakin taga yakan kai ni dare biyu, sai dai a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe rana, cajin bai cika yin ƙarfi ba. Idan aka kashe shi, daga inda aka tsaya yake ci gaba.

Darajarsa tana cikin muryar mai karatun, wanda ba ya gaggawa, ba ya kuma ƙawata murya kamar mai wasan kwaikwayo. Wanda ya ja da baya ya san nauyin buɗe Littafi Mai Tsarki: nawa yana ƙasan akwatin tufafi, kuma duk ranar da na ɗauko shi sai in ji kamar shafukan suna tuhumata, in mayar. Sauraro bai zo mini da wannan nauyin ba. A wani dare da aka ɗauke wuta na bar shi yana karanta Bisharar Luka har ya iso sura 15, labarin ɗan da ya karɓi rabon gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya ɓatar. Tun ina makarantar Lahadi a Wusasa na san labarin, amma sai a daren na lura da cewa yaron ya shirya jawabinsa tun yana kiwon aladu, har da roƙon a ɗauke shi kamar ɗan ƙodago, amma da uban ya hango shi daga nesa ya sheƙo ya rungume shi, yaron bai kai ga furta wannan roƙon ba aka aika a kawo riga da zobe da takalma. Na maimaita surar sau huɗu. Ni ma shekara shida na yi ina shirya jawabin da zan kare kaina da shi.

Bayan haka na koma Zabura 51, addu'ar Dawuda bayan annabi Natan ya fuskance shi kan maganar Batsheba, sannan Yahaya 21, inda Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa. Kunne ne ya nuna mini cewa a bakin wutar gawayi aka yi tambayar, kamar yadda a bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musun saninsa a sura 18.

Akwai aibi, kuma ya kamata mai saye ya sani. Maɓallan suna tsallaka littafi da sura ne kawai, ba sa kai mutum ga aya, saboda haka mai neman wani wuri a ƙarshen Zabura 119, mai ayoyi 176, sai ya yi haƙuri ya saurara tun daga farko. Siffar maɓallan ɗaya ce, a cikin duhu nakan danna na sura a maimakon na ƙara murya. Idan aka ƙure sautin lasifikar takan yi ƙara. Abin da ya fi damuna shi ne takardar bayanin da ke cikin kwalin da Turanci kaɗai aka rubuta ta, alhali tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba su ne suka fi bukatar kayan. Na tuna da kakata, wadda ta koyi karatu domin Littafin nan kawai. A zamaninta ne mishan ta koma Wusasa a 1929, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da wani ɗan mishan, Dokta Walter Miller, ya sa hannu a ciki sosai. Da idonta ya raunana a ƙarshen rayuwarta, jikoki take roƙo su karanta mata, mu kuwa wasa ya fi jan hankalinmu.

Akwatin ya kai ni bakin ƙofa, amma ba ya amsa tambaya, ba ya yi wa mutum addu'a, ba ya miƙa Jibin Ubangiji. Saura mako uku Ista na je gidan tsohon katikis ɗinmu, wato malamin majami'armu, na ce, "Baba, na zo ne in tuba." Bai tambaye ni inda na shiga ba, sai ya shimfiɗa tabarma muka durƙusa. Tun daga ranar nake zuwa sujada da nazarin Littafi na tsakiyar mako, akwatin kuma ya koma abokin safiya kafin in fita aiki.

Game da shagon, wayar cajin ta lalace a wata na biyu, Mama ta canja mini ba tare da ta karɓi ko kwabo ba, ta kuma zauna ta nuna mini aikin kowane maɓalli da Hausa. A makon jiya na koma na sayi na biyu domin wani abokin hirarmu ta da, mai tuƙa keke napep tsakanin Kwangila da Samaru. Na saita masa shi a kan Luka 15, na kuma liƙa ɗan salatif a maɓallin murya domin ya gane shi ko a cikin duhu.